Na Caccaki Sauƙin Danni a Sharhina, Ashe da Shi Yayana Ke Atisaye

Kawu Mai Jan Biro,

Don Allah ka ara mini hankalinka, nawa ya ƙare. Sati uku ke nan ina buɗe kwamfuta in rufe ban rubuta layi ɗaya na kirki ba, ni da rubutu ne sana'ata. Na san masu rikicin gado da na maƙwabta ne suka fi rubuto maka, kuma da ka ga kalmar gem a wasiƙar nan za ka iya cewa wata yarinya ce ta rasa aikin yi. Shekarata talatin da shida. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Aikina sharhin wasannin bidiyo a wata mujallar intanet. Idan sabon gem ya fito sai in buga shi, in gaya wa masu karatu ko ya cancanci su ɓata lokacinsu a kai. Shekara tara ina yi. Ba zan faɗi sunan mujallar ko na gem ɗin ba, domin mu masu wannan aiki ba mu da yawa, kowa ya san salon kowa.

Sai na koma baya kafin ka gane. Babanmu, Allah ya jiƙansa, mai gyaran talabijin da rediyo ne. A bayan shagonsa akwai wani ɗan ɗaki mai warin dalma, inda ake jibge talabijin ɗin da suka gagari gyara. A nan Yayana, yana da shekara goma sha biyar ni ina da tara, ya farfaɗo da wata na'urar gem da wani ya jefar. Faifai ɗaya muke da shi, na gem ɗin faɗa, irin wanda mutum biyu kowa zai zaɓi mayaƙinsa a kara zagaye uku, wanda layin jininsa da ke saman allo ya riga ƙarewa ya faɗi. Abokan Yaya duk rububin ƙarti masu ƙwanji suke yi. Shi kuwa wata tsohuwa mai doro yake ɗauka, makaminta dutsen guga da take wulwulawa da igiyarsa. Muka sa mata suna Kaka. Kaka tana da wani duka da muke kira gugar ƙarshe. Kafin ya fita sai ka zagaya babban yatsan hagu rabin da'ira baya, ka dawo da shi gaba, ka danna maɓalli biyu da hannun dama, duk cikin ƙiftawar ido. Ka kuskure kaɗan, Kaka ta yi tsalle a banza ta sha ƙafa a fuska. A duk layinmu Yaya kaɗai ke fitar da shi sau goma cikin goma.

Bai taɓa bar mini nasara ba, ko sau ɗaya. Mama ta yi faɗa har ta gaji, tana cewa wane irin babba ne wannan da ba ya jin tausayin ƙanwarsa. Ya ce mata idan ya bar mini yau, ranar da na ci da gaske ba zan sani ba. Shekara biyu ina shan kashi. Ranar da na kayar da shi, ya ajiye rimot ya dube ni ya ce to, yau an sami mutum a gidan nan. Sannan ya ɗauka ya lallasa ni sau goma sha ɗaya a jere, wai don kada kaina ya kumbura.

Shi ne kuma ya koya mini cewa duk gem ɗin da na samu, kafin komai in shiga saiti in kashe duk wani abin taimako. Har yau haka nake aiki. Abokan aikina suna tsokanata da hakan, ni kuwa da shi nake taƙama. Masu karatuna ma don haka suke bi na, sun san ba na neman sauƙi.

Yaya ne ya gaji shagon Baba, ya mayar da shi na gyaran waya. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya buge shi yana tsaye a bakin teburin aiki. Alhamdu lillahi maganarsa ta dawo, yana tafiya da sanda, amma hannun hagu bai dawo duka ba. Yana iya riƙe kofi. Babban yatsan ne ba ya jin umarni, sai ya ga dama. Mutumin da ke ɗaga ɗan kayan cikin waya da bai kai ƙwayar shinkafa ba da hantsaki, yanzu abokin aikinsa ke yin gyaran, shi yana zaune yana gaya masa inda matsalar take. Ba ya ƙorafi. Kuma duk wanda ya ce masa Allah sarki ya gama ɓata da shi na ranar. Tun da abin ya faru ban sake yi masa zancen mu buga gem ba, shi ma bai yi ba. Amma duk Juma'a idan rubutuna ya fito, kafin la'asar saƙon muryarsa zai shigo: Edita, wannan sakin layi na uku barci kike da kika rubuta shi? Edita yake ce mini, ko da yake ban taɓa zama edita ba.

To, a bana sai kamfanin ya sake gina wancan gem ɗin namu daga tushe, bayan shekara ashirin da wani abu. Kawu, ka ga kyau. An sake zana komai, har zaren rigar Kaka kana gani, an dawo da kiɗan fagen faɗa na tashar jirgin ƙasa da muke so, karawa ta intanet kuma ba ta sarƙewa. Akwai abin haushi: labarin da suka saka a ciki dogo ne marar gishiri, sun cire mayaƙa huɗu na da, sabon babban mugun kuma surutu ya yi masa yawa. Amma abin da ya tayar da ƙura shi ne wani sabon tsari da zan kira sauƙin danni. Idan ka kunna shi, maɓalli ɗaya ya ishe ka. Gugar ƙarshe da Yaya ya yi wata shida yana koyo har yatsansa ya yi kanta, yanzu danni ɗaya ne.

Al'adar mujallarmu, gem ya fito da kwana uku mu saki ɗan gajeren rubutu na kallon farko, cikakken sharhi mai maki kuma sai bayan wata guda. Na buga awa ashirin a kwana ukun nan, dukansu da tsohon tsari. Sauƙin dannin na kunna shi a ɗakin atisayen gem ɗin na kamar minti goma, na ga Kaka tana zuba gugar ƙarshe kamar ana rabon kyauta, raina ya ɓaci, na kashe. Ga abin da na rubuta, kalma da kalma: “Wanda ya kunna wannan tsari ba wasa yake yi ba, zama ya yi yana kallon na'ura tana yi masa. Idan yatsunka ba za su iya ba, akwai wasannin jera alewa a waya.” Ina rubutawa ina murmushi, wallahi a raina har cewa nake Yaya zai ji daɗin wannan. Editanmu ya ciro layin ya sa shi da manyan haruffa a tsakiyar shafi. Aka yi ta yaɗa shi. Ban taɓa samun yabo irin na ranar ba.

Saƙon murya bai zo ba ranar Juma'ar. Na ce ko yana asibiti wajen motsa jiki.

Duk Asabar a gidansa nake cin abincin rana. Ina shiga na ga kwali a bakin ƙofa. Tsohuwar na'urata ce ta gem da na bar wa 'ya'yansa mata, an goge ta, an naɗe wayoyin ɗaya bayan ɗaya an ɗaure da roba, irin naɗin Baba. Na tsaya ina tunanin yadda aka yi wannan naɗi da hannu ɗaya da rabi. Ya ce in tafi da ita, yaran sun daina taɓawa, tana tare wuri. Muka ci abinci, ya tsokane ni a kan tuƙina kamar kullum, ya ce mota tana ganina take fara addu'a. Babu abin da ya nuna.

Matarsa, Anti nake ce mata, ita ta ɗauko mini kwalin zuwa mota. A matakala ta tsaya ta ajiye shi, ta ce za ta gaya mini wani abu amma in yi alkawari ba zai ji daga bakina ba. Na yi. Ashe tun wata guda kafin fitowar gem ɗin, da kamfanin ya saki na gwaji, Yaya ya sa babbar 'yarsa ta sauke masa. Likitar da ke motsa masa gaɓoɓi ta daɗe tana cewa ya nemi abin da yake so wanda zai sa hannun aiki, ya ƙi ƙwallon roba, ya ƙi komai. Wannan ne ya karɓa. Da sauƙin danni, yatsan hagu gaba da baya kawai zai yi, dama ta yi sauran. Kullum bayan ya dawo daga shago sai ya yi awa ɗaya, ya hana kowa ya gaya mini. Anti ta ce ranar da ya fara cin wani baƙo ta intanet, ihun da ya yi sai da ta saki tukunya ta fito da gudu, ta zaci faɗuwa ya yi. Ta same shi yana dariya yana cewa Kaka ta dawo. Shirinsa, a wannan Asabar ɗin bayan abinci ya miƙo mini rimot ya ce Edita, zo in tuna miki matsayinki. Har rimot na biyu ya sa aka yi wa caji.

Sai ya karanta rubutuna ranar Juma'a. Ta ce sau biyu ya karanta, ya ajiye waya, ya ce yarinyar nan ta iya rubutu. Da safe ya nemi kwali.

Ban san yadda na kai gida ba. Kwalin yana nan a bayan mota har yanzu, na kasa shigar da shi ɗaki. Asabar biyu na koma, muna hira kamar babu komai, yana dariya ina dariya, Anti tana kallon faranti. Saƙon Juma'a bai sake zuwa ba. Na yi rubutu biyu tun daga nan, ɗaya ma da gangan na bar kuskure a ciki ko zai tanka. Shiru.

Yanzu saura kwana goma in miƙa cikakken sharhin, kuma ga inda na maƙale. Idan na juya na yabi sauƙin danni, Yaya ba yaro ba ne, zai gane Anti ta yi magana, kuma zai ɗauka tausayinsa na ji, abin da ya fi tsana a duniya. Masu karatu kuma za su ce kamfani ya toshe mini baki. Idan na tsaya a kan bakana, na sake marinsa a bainar jama'a. Kuma gaskiya, Kawu, har yanzu ina da ƙorafi a kan tsarin. A karawar intanet mai danni ɗaya yana riga ka mayar da martani, akwai mayaƙan da hakan ya sa sun yi ƙarfi fiye da kima. Wannan ba ƙarya ba ne, na gani. Daga baya dai na karanta cewa dukan mai sauƙin danni bai kai na tsohon tsari ciwo ba, kuma akwai dabarun da ba ya samu. Ban san da haka ba lokacin da na yi rubutun.

Wata abokiyar aikina da na gaya wa ta ce in rubuta labarin Yaya gaba ɗaya a cikin sharhin, wai zai taɓa zuciyar mutane, zai fi na farko yaɗuwa. Wani sashe na zuciyata ya ce in ce ba ni da lafiya a ba wani ya rubuta. Wani sashen ya ce in bar aikin ma baki ɗaya.

Ba makin gem ɗin ne ya dame ni ba. Mutumin nan ya yi wata guda yana lallaɓa yatsansa don ya sake zama kusa da ni a gaban talabijin, ni kuma na tura shi jera alewa. Ina so ya miƙo mini rimot ɗin nan. Ta ina zan fara?

Ƙanwar Mai Kaka

*

'Yata Ƙanwar Mai Kaka,

Ban taɓa riƙe rimot ɗin gem ba, kuma sai da na karanta bayanin gugar ƙarshe sau uku ina gwadawa da yatsana a kan tebur kafin na haƙura. Amma na yi shekara talatin a teburin tace labarai, na san abin da layi ɗaya ke iya yi idan ya fita daga hannun mai shi. Wasiƙarki ta zo inda ya dace.

Bari in fara sauke miki abin da ba naki ba. Ba ki san Yayanki yana atisaye ba, shi ya ɓoye, kuma ba a tuhumar mutum da sirrin da aka hana shi. Zafin alƙalami ma ba laifi ba ne a aikinki. Mai sharhin da ke tsoron ɓata wa kowa rai ba shi da amfani ga mai karatu. Ƙorafinki a kan karawar intanet kuwa, idan kin gan shi da idonki, haƙƙin masu karatu ne ki faɗa. Kada ki binne shi.

Laifinki biyu ne, kuma dukansu na aiki ne kafin su zama na gida. Na farko, kin ba tsohon tsari awa ashirin, kin ba sabon minti goma, sannan kika yanke wa sabon hukunci. Ke da kanki kin ce sai daga baya kika san dukansa bai kai ciwo ba. Da ɗan rahoto ya kawo mini labarin kasuwar da ya leƙa ta tagar mota, da na mayar masa da takardarsa. Al'adarki ta kashe duk abin taimako tana da kyau ga mai wasa don kansa. Ga mai sharhi kuwa, rabin kayan da aka ba ki ki duba ne kike rufewa a akwati tun kafin ki fara.

Na biyu, jimlarki ta farko a kan gem take, ana iya muhawara a kanta. Ta biyun ta bar gem ta koma kan yatsun mutane. Ki yi wa kanki wannan tambaya: da ba ki da yaya ko kaɗan, layin nan daidai ne? Ba daidai ba ne. Cikin waɗanda suka karanta shi akwai mai amosanin gaɓɓai, akwai wanda inji ya taɓa wa hannu, akwai wanda haka aka haife shi. Ba su rubuto miki ba, sun rufe shafin ne kawai. Wannan shi ne abin da zai fitar da ke daga tarkon da kike ganin kin shiga. Gyara layin ba tausayin Yayanki ba ne, gyaran kuskure ne da ya wajaba ko da shi ko babu shi. Kin haɗa abu biyu wuri ɗaya, shi ya sa kika kasa rubutu.

Yanzu shi. Ba na jin fushi yake da ke. Wa ya koya miki raina sauƙi? Shi ne. Ina kyautata zaton tun ranar da ya kunna tsarin nan yake faɗa wa kansa irin wannan magana a ɓoye, yana danne ta saboda daɗin da yake ji. Sai ga ta da manyan haruffa, daga alƙalamin ɗalibarsa. Da wani baƙo ne ya rubuta, tsaki zai yi ya wuce. Kunya ce ta sa shi neman kwali. Ba na ce ya kyauta ba. Yin shiru da janye saƙon Juma'a hukunci ne ba tare da an karanta wa mutum laifinsa ba, kuma ya bar matarsa tana ɗauke da nauyin ku biyu. Amma mutumin da ya rasa abin da ya rasa bai yi ƙorafi ba, ana iya yi masa uzurin sati uku.

Ga abin da zan yi da ni ne ke. Ki fara da Anti. Kin yi mata alkawari, kada ki karya shi ta bayan fage. Ki kira ta ki ce kina so ta sake ki daga alkawarin, ko kuma ita ta riga ki gaya masa cewa ta faɗa miki. Ina da yaƙinin za ta yarda. Matar da ta ajiye kwali a matakala ta tona wannan magana ba don ki riƙe ta ki yi ta kuka a mota ta yi ba. Kuma kada ki yi mamaki idan ya riga ya sani.

Sannan ki shigo da kwalin nan daga mota, ki kunna sauƙin danni ki ba shi lokacin da ya dace, aƙalla awa goma, da mutane na gaske, ki ci a cinye ki. Ba don ki so shi ba. Don ki san shi. Wataƙila ki fito da ƙorafinki yadda yake, wataƙila ya ragu, wataƙila ki gano wani sabo. Duk wanda ya fito, a wannan karon kin biya shi da guminki.

Ranar Asabar ki koma da na'urar. Kada ki jira a gama cin abinci ana raha, ki same shi shi kaɗai. Ki ce kin rubuta magana a kan abin da ba ki gwada ba, kuma layin yatsu bai dace ba, kin yi kuskure. Sau ɗaya, a taƙaice, ido cikin ido, babu hawaye idan za ki iya, babu zancen hannunsa. Daga nan ki nemi abin da da gaske kike bukata. Kina da sharhin da za ki miƙa a kan tsarin da kika sani na awa goma, shi kuma ya san shi na wata guda, a hannun mayaƙiyar da ya fi kowa sani. Babu wani masani da ya fi shi kusa da ke. Ki ce ya nuna miki inda kika yi kuskure. Wannan ba dabarar lallashi ba ce, gaskiya ce, kuma zai gane bambancin.

Idan ya karɓi rimot, ki buga da tsarinki, ya buga da nasa, kuma ki buga da dukan ƙarfinki. Kin fi ni sanin dalili. Idan kika sassauta ko da zagaye ɗaya, kin yi masa abin da ya fi layin alewa ciwo.

Shawarar abokiyar aikinki kuwa, ki gode mata ki ajiye. Ciwon Yayanki nasa ne. Kin riga kin yi amfani da yatsun mutane sau ɗaya don rubutu ya yaɗu, kada ki maimaita da hawaye a madadin ba'a. Idan daga baya shi da kansa ya ce ki ambace shi, ki nuna masa sakin layin kafin ya fita, ya cire abin da yake so. Kada kuma ki miƙa wa wani sharhin. Ke kika yi ɓarin, ke za ki kwashe, kuma zancen barin aiki gajiya ce ke magana.

A sharhin, jimla uku sun isa, a sama ba a ƙasa ba: na rubuta kaza, ban gwada tsarin yadda ya kamata ba, maganar yatsu kuma na janye ta. Sai ki ci gaba da aikinki. Ki yabi zanen, ki soki dogon labarin, ki faɗi abin da kika gani a karawar intanet, ki ba da makin da kika yi imani da shi. Wasu za su ce an saye ki. Za su faɗa na kwana biyu su koma kan wani. A shekaruna na aiki ban ga marubucin da gyara na gaskiya ya kashe ba, amma na ga da yawa da taurin kai ya mayar abin dariya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi wuya. Yana iya sauraronki ya ce ya ji, ya bar kwalin a rufe. Idan haka ta faru kada ki matsa, kada ki ɗauko shi ki tafi da shi. Ki bar shi a gidan, ki dawo Asabar ta gaba, da ta gaba. Ki nemi editanku ya ƙara miki sati ɗaya tun yau. Babu editan da bai saba da rubutu ya makara ba, kuma gem ɗin ba gudu zai yi ba. Amma kada ki bari Asabar ta huɗu ta wuce kuna dariyar da ba ta kai ciki ba, domin irin wannan shirun idan ya daɗe a gida sabawa ake yi da shi.

Allah ya ƙara wa Yayanki lafiya da ƙarfin hannu, ya saka wa Anti da alheri, ke kuma ya ba ki ƙarfin halin buɗe bakinki ranar Asabar. Idan ya lallasa ki, ki karɓa hannu biyu.

Kawu Mai Jan Biro